Shekarar da jirgin alhazai bai tashi ba: wa ya riƙe masu hidimar baƙin Allah?

Duk wanda ya taɓa raka uwa ko uba ofishin wani kamfanin jigilar alhazai, abin da muke kira ajans, a Yamai ko Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya san yadda wurin yake kasancewa da zarar an yi ƙaramar salla. Benci ya cika da tsofaffi riƙe da fasfo a cikin leda, wani yaro yana kai da komo tsakanin ofis da mai ɗaukar hoto, sakatariya tana buga sunaye a kwamfuta har bayan isha'i, malami kuwa yana can ƙarƙashin rumfa yana koya wa maniyyata yadda ake ɗaura harami. A bakin ƙofa ga mai shayi, ga ɗan canji da riyal a aljihu, ga tela da ya karɓi ɗinkin kayan mutum ɗari. Wannan kasuwa ce ta wata uku ko huɗu, amma da abin da aka samu a cikinta ake cin tuwon shekara.

A shekarar 2020 kasuwar nan ba ta ci ba. Ran 27 ga Fabrairu hukumomin Sa'udiyya suka dakatar da shigar masu umra daga ƙasashen waje saboda annobar korona. Ran 19 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Nijar, kuma a daren nan aka rufe filayen jiragen sama da iyakokin ƙasa. Masu ajans suka yi ta sauraren rediyo da fatan abin zai lafa kafin watan Zulƙida, har ran 22 ga Yuni, ranar da Sa'udiyya ta sanar cewa hajjin shekarar na mazauna ƙasarta ne kaɗai. A 2019 mutum kusan miliyon biyu da rabi suka tsaya Arfa. A 2020 ƴan tsiraru ne ƙwarai, waɗanda ba su wuce dubu goma ba. Kujeru 15,891 da aka saba ware wa Nijar, ko ɗaya ba a zauna a kanta ba.

An yi rubutu da wa'azi mai yawa a kan baƙin cikin maniyyacin da ya sayar da shanu ko gona bai samu tafiya ba, kuma ya cancanci a tausaya masa. Amma shi kuɗinsa suna nan, ko a hannunsa ko a hannun ajans, niyyarsa kuma tana wurin Allah. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne mutumin da ke bayan tebur, wanda ba hajji ya rasa ba, abincin iyalinsa ya rasa. A kansa ne wannan rubutu yake, da kuma tambayar da ta biyo baya: da gwamnatocin duniya suka buɗe baitulmali don tallafa wa waɗanda annoba ta raba da aikinsu, wa tallafin ya isa wurinsa, wa kuma ya tsallake?

Yadda sana'ar take

Kafin a fahimci girman asarar, sai an san yadda ajans take rayuwa. A Nijar hukumar COHO ce ke tsara aikin hajji da umra, ita ke hulɗa da Sa'udiyya, amma kamfanoni masu zaman kansu ne ke rubuta maniyyata, su karɓi kuɗinsu, su kama musu masauki, su raka su. Ribar kamfani tana kan kowace kujera. In babu kujera babu riba, alhali kuɗin hayar ofis da na wuta da haraji ba su san an rufe iyaka ba. Sauran watannin shekara ana lallaɓawa ne da umrar azumi da sayar da tikitin jirgi ga ƴan kasuwa masu zuwa Dubai, Istambul ko Guwanzu, waɗannan kuwa duk sun tsaya a mako guda.

Ma'aikatan ajans kuma ba ɗaya suke ba. Akwai ƴan kaɗan na dindindin: darakta, mai lissafi, sakatariya, wataƙila da mai gadi. Su ne ake sa ran suna da takardar ɗaukar aiki da lambar asusun CNSS, kodayake ba kowane mai kamfani ke rubuta su ba. Bayansu akwai runduna mai yawa da babu sunanta a kowane littafi. Akwai ɗan kamasho da ke yawo ƙauye-ƙauye yana kawo maniyyata, a ba shi ladansa a kan kowane mutum. Akwai jagoran alhazai, wanda sau da yawa malamin makarantar allo ne ko limamin unguwa, ladansa kujera ce da ɗan abin guzuri, da alherin da alhazai ke yi masa. Akwai mai dafa abinci da ake tafiya da ita, da direban da ke kwasar mutane zuwa filin jirgi, da masu dakon jakunkuna da jarkokin zamzam idan an dawo. Tsakanin waɗannan da mai kamfani babu komai sai amana da sanayya. Amana kuwa abu ne mai daraja, amma ba a kai ta gaban ma'aikacin baitulmali a ce ga shaidar aikina.

Annobar ta zo ne a lokacin da Yamai ta gama yin sabon ado. Saboda taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019 an sabunta filin jirgin Diori Hamani, an buɗe manyan otal-otal irin su Radisson Blu da Noom da Bravia, an ɗauki samari da ƴan mata aikin tarbar baƙi, da dafa abinci, da gyaran ɗakuna. Wata takwas kacal bayan taron, ɗakunan suka koma babu kowa. A arewa kuwa, masu yi wa baƙi jagora a duwatsun Abzin da hamadar Tenere sun riga sun sha wuya tun tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010, korona ta tarar da su a durƙushe. Ɗan abin da ya rage, wato zuwa kallon raƙuman dawa a Kure, shi ma ya mutu ran 9 ga Agusta 2020, ranar da ƴan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji tare da direbansu da jagoransu ƴan Nijar.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa masu ƙetare iyaka don ziyara sun ragu da fiye da kashi 70 cikin 100 a 2020, wato kimanin tafiya miliyar ɗaya da ba a yi ba. Ƙungiyar manyan kamfanonin tafiye-tafiye ta duniya, WTTC, ta ce ayyuka miliyon 62 suka salwanta a wannan fanni a shekarar. Ciwon ɗaya ne daga Landan har Maraɗi. Maganin ne ya bambanta.

Abin da masu hali suka yi

A Faransa akwai tsarin da ya girmi annobar, wanda idan kamfani ya rasa aikin yi ba ya korar ma'aikaci, sai ya tura shi gida, a 2020 ana biyansa kimanin kashi 84 cikin 100 na albashin da yake karɓa a hannu, gwamnati kuma tana mayar wa kamfanin kuɗinsa. Ga otal-otal da kamfanonin tafiye-tafiye, gwamnati ta ɗauki nauyin duka abin da aka biya, na tsawon watanni masu yawa. A Ingila an ƙirƙiro irinsa a watan Maris 2020: gwamnati ta biya kashi 80 cikin 100 na albashi, har zuwa fam 2,500 a wata, kuma tsarin bai ƙare ba sai ƙarshen Satumba 2021. Hikimar a bayyane take. Ma'aikacin da ya san aikin tikiti ko na otal ba a samunsa a rana ɗaya. Gara a riƙe shi da igiya ko da siririya ce, ranar da jirage suka tashi ya koma kan kujerarsa.

Mai karatu zai ce wannan zancen masu kuɗi ne, kuma gaskiyarsa. Shi ya sa misalin Maroko ya fi kusa da mu, don ita ma ƙasa ce da rabin mutanenta ke cin abinci ba tare da takardar albashi ba. Can an raba tallafin gida biyu. Ma'aikacin da kamfaninsa ya rubuta shi a asusun CNSS na ƙasar ya samu dirhami 2,000 a wata, kusan jikka 120 a kuɗinmu, kuma da aka daina biyan sauran ma'aikata a tsakiyar 2020, an ci gaba da biyan na fannin yawon buɗe ido, har da masu jagorar baƙi. Wanda ba shi da albashi kuwa, an bi ta katin jinyar talakawa na wancan lokaci da ake kira RAMED, ya aika lambarsa ta wayar salula, a ba shi dirhami 800, ko 1,000, ko 1,200, gwargwadon yawan iyalinsa. Togo, wadda ba ta fi mu arziki da wani abin kirki ba, ta yi amfani da katin zaɓe: a shirin Novissi na watan Afrilu 2020, a wasu yankunan ƙasar, wanda katinsa ya nuna sana'ar hannu yake yi, an riƙa aika masa kuɗi ta waya, mace jikka 12 da dala 50 a wata, namiji jikka 10 da dala 100. Kuɗin ba su da yawa, amma sun shiga hannun mai kabu-kabu da mai ɗinki cikin ƴan kwanaki.

In aka dubi waɗannan misalai huɗu za a ga abu guda ya haɗa su, kuma ba yawan kuɗi ba ne. Kowace gwamnati ta bi wani littafi ne da ta riga ta mallaka: littafin albashi, ko na asusun ma'aikata, ko na jinya, ko na zaɓe. Tallafi kamar ruwa yake, hanyar da aka riga aka haƙa yake bi. Ranar da gobara ta tashi ba a fara ginin rijiya.

A Makka ma an ga haka, kuma a nan abin ya taɓa mu kai tsaye. A farkon Afrilu 2020 Sarki Salman ya ba da umurnin a ware riyal miliyar 9 don biyan kashi 60 cikin 100 na albashin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, ta hanyar inshorar rashin aiki da suke kira Sanid. Sai dai tsarin na ƴan ƙasa ne kaɗai. Alhali duk alhajin da ya je ya san su wa ke share otal, su wa ke tura keken gajiyayyu a ɗawafi da safa da marwa, su wa ke sayar da tuwo da fura a lungunan da alhazanmu ke sauka: baƙi ne, kuma da yawansu Hausa suke ji, wasu can aka haife su, wasu takardunsu sun daɗe da mutuwa. An sa wa Makka dokar hana fita dare da rana tun 2 ga Afrilu, ba a ɗage ta gaba ɗaya ba sai 21 ga Yuni. A yi adalci: hukumomin Sa'udiyya sun sanar cewa jinyar korona kyauta ce ga kowa, har wanda ba shi da izinin zama. Amma jinya daban, cefane daban. Gidaje da yawa a nan ƙasar da suka saba ganin saƙo daga ɗa ko ƴa da ke can bayan kowane hajji, a shekarar shiru suka ji.

Abin da aka yi a gida

Ba daidai ba ne a ce gwamnatin Nijar ta naɗe hannu. A jawabinsa na 27 ga Maris 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, bayan ya sanar da dokar hana fitar dare da killace birnin Yamai, ya ce gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da na ruwa na watannin Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin amfani. An sassauta haraji: an rage wa otal-otal harajin TVA zuwa kashi 10 cikin 100, an dakatar da bin kamfanonin tafiye-tafiye bashin haraji na ƴan watanni. A watan Mayu gwamnati da bankuna suka sa hannu a kan rancen sefa miliyar 150 domin kamfanonin da annoba ta taɓa, gwamnati ce ke tsaya musu a kan wani kaso. Asusun lamuni na duniya, FMI, ya ba ƙasar rancen gaggawa na dalar Amurka miliyon 114 da rabi a watan Afrilu. Ga ƙasar da ke yaƙi a Diffa da Tillaberi a lokaci guda, wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne.

Amma mu ɗauki matakan nan ɗaya bayan ɗaya mu gwada su a jikin ɗan kamashon nan da jagoran alhazai. Yafe kuɗin wuta ya amfani mai mita da sunansa. Wanda ke haya a ɗaki ɗaya yana jan waya daga maƙwabci, ko wanda ke sayen ruwa a wurin ƴan garuwa, sai dai ya ji a rediyo. Sassaucin haraji na mai kamfani ne, kuma jinkiri ne ba yafiya ba. Rancen banki kuwa yana son littafin lissafi na shekaru, da jingina, da shaidar cewa za a iya biya. Ƙaramar ajans da ba ta san ranar da za a sake buɗe Makka ba, da me za ta yi wa banki alkawari? Ga kuma waɗanda suka ƙi kusantar rancen tun farko saboda ruwan da ke kansa, abin da ba a rasa ba a cikin masu sana'ar hajji. Duk matakan sun tsaya a kan kamfani ko a kan mita, babu wanda ya sauka a kan mutum.

Har shi ma ma'aikacin da aka rubuta a CNSS bai tsira ba, kuma wannan ne abin da mutane da yawa ba su sani ba sai da abin ya faru. Asusun namu rassa uku gare shi: kuɗin iyali da haihuwa, diyyar haɗarin aiki, da fansho. Babu reshen rashin aiki. Wato wanda aka yi shekara goma ana yankar albashinsa, ranar da aka ce ya zauna gida, asusun ba shi da abin da doka ta ce ya ba shi. Abin da ya rage masa shi ne imanin mai gidansa. Wasu masu kamfani sun yi halin girma, suka riƙa ba da rabin albashi daga aljihunsu har ƙarfinsu ya ƙare. Wasu kuma tun watan farko suka ce kowa ya je, in an buɗe za a kira shi. Mafi ƙarancin albashi a lokacin jikka 30 ne da ƴan kai. Wanda ke karɓar irin wannan, ko ninkinsa biyu, ba shi da ajiyar da za ta kai shi wata uku, balle shekara biyu.

Shekara biyun kuwa aka yi. An buɗe filayen jirgi ran 1 ga Agusta 2020, amma hajjin 2021 ma na mazauna Sa'udiyya ne, mutum kusan 60,000. Nan ne abin ya fi ciwo, domin a shekarar farko ana cin bashi da sunan baɗi, a ta biyu kuwa mai shago ya daina rubutawa. Wannan wani abin mamaki ne na annobar a ƙasarmu: waɗanda aka ƙidaya cutar ta kashe a Nijar baki ɗaya ba su kai 400 ba, amma gidajen da rufe hanya ya girgiza ba su ƙidayuwa. Ba ina cewa kuskure ne rufewar ba; a watan Maris 2020 babu wanda ya san inda cutar za ta tsaya, kuma ba mu ke da makullin Makka ba. Abin da nake cewa shi ne, an san yawan masu tari, ba a san yawan masu yunwa ba, don na farko ana rubuta su kullum, na biyu kuwa babu mai alƙalami a kansu.

Akwai wata fitina da ta ɓullo a cikin wannan hali wadda ya kamata a faɗe ta a fili. Maniyyata da yawa sun riga sun zuba kuɗinsu, duka ko rabi, kafin a rufe. Kuɗin nan amana ne. Mai ajans yana zaune, ma'aikatansa na kuka, mai gidan haya na buga ƙofa, ga miliyoyin mutane a asusunsa. Wanda ya ji tsoron Allah ya mayar, ko ya ajiye bai taɓa ba, ya sha wuyarsa. Wanda ya ce bari in ranta in mayar baɗi, baɗin ta zo ba hajji, ramin ya ƙara zurfi. Rashin tallafi ga ma'aikaci, a ƙarshe, yana iya komawa kan tsohuwar da ta tara kuɗinta shekara ashirin tana sayar da ƙuli-ƙuli.

Tarihin musulunci bai bar mu babu abin dubawa ba a nan. A shekara ta 18 bayan hijira, zamanin Sayyidina Umar, annoba ta faɗa wa ƙasar Sham, har halifa ya juya daga hanya bai shiga ba, fari kuma ya faɗa wa Hijaz. Mutanen karkara suka kwararo gefen Madina. Malaman tarihi sun kawo cewa ya sa mutane a kan kowane ɓangare suna ƙidaya waɗanda suka zo da waɗanda aka ciyar, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya kuma jinkirta karɓar zakka a shekarar. Shi ne dai halifan da ya kafa diwani, wato littafin sunayen waɗanda ke da rabo a baitulmali. Tausayi ne ya motsa shi, amma da ƙidaya da rubutu ya isar da tausayin. Cikin waɗanda shari'a ta ba rabo a zakka akwai wanda bashi ya danne da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Ma'aikacin ajans na 2020 ya shiga sahun farko, ɗan'uwansa da ya maƙale a Makka ya shiga na biyu. Sai dai irin wannan mabuƙaci yana da wuyar ganewa. Rigarsa wankakka ce, jiya-jiya shi ke raka alhazai, ana ce masa Alhaji. Kunya ba za ta bar shi ya tsaya a layin rabon shinkafa ba. Masallatai da ƙungiyoyi sun yi rabo a azumin shekarar, Allah ya saka musu, amma rabon ya fi zuwa ga wanda aka saba gani yana roƙo.

To, da me suka rayu? Da abin da talaka ya saba rayuwa da shi. Matan gida su ne suka fara ɗaukar kayan: wadda ke da kuɗin adashi ta kwasa, wadda ke da ɗan kunnen zinariya na tsarabar Makka ta kai kasuwa, wata ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida. An cire yara daga makarantar kuɗi an mayar da su ta gwamnati. Mai babur ya shiga kabu-kabu, mai mota ya sayar. Wasu suka tura iyali ƙauye suka kama noman damina, abin da suka bari tun suna samari. Dangi sun taimaka, amma dangin nan su ne da ma suke dogara da shi, don a gidaje da yawa mai aikin ajans shi ne babban bango.

Dattawa a cikin masu karatu za su tuna ba wannan ne karon farko ba. Da kamfanin Air Afrique, mallakar ƙasashe goma sha ɗaya har da Nijar, ya durƙushe a 2002, ma'aikata fiye da dubu huɗu suka wayi gari babu aiki, kuma a ƙasashe da dama sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu. Su kuwa suna da takardu, suna da ƙungiyar ƙwadago, suna da lauyoyi. Shekara goma sha takwas tsakanin wancan da korona sun isa a gina wani abu.

Da aka buɗe

A 2022 aka sake karɓar alhazan waje, amma da sharuɗɗa: mutum miliyon ɗaya kacal, kada shekarunsa su wuce 65, kuma sai ya yi rigakafi. Kason Nijar ya sauko zuwa 7,194, ƙasa da rabi, ga maniyyatan shekara uku suna jira, tsofaffin da suka fi kowa ɗoki kuma su ne sharaɗin shekaru ya cire. Sai a 2023 aka dawo da cikakken kaso, aka ɗage maganar shekaru, mutum fiye da miliyon ɗaya da dubu ɗari takwas suka yi hajji. Amma kujerar ba ta dawo da farashinta na da ba. Sa'udiyya ta ninka harajin TVA sau uku tun Yuli 2020, daga kashi 5 zuwa 15 cikin 100, kuɗin jirgi da na hidima a Mina da Arfa suka hau. Kujerar da ake biya sefa miliyon biyu da ɗoriya kafin annoba ta haura miliyon uku.

Sana'ar kanta ma ta sake kama. A 2022 hukumomin Sa'udiyya suka umurci maniyyatan Turai da Amurka da Ostareliya su riƙa yin rajista kai tsaye ta intanet, abin da ya bar ajans-ajans na Faransa da Ingila, har da waɗanda ƴan Afirka mazauna can suka saba bi, riƙe da ofis babu aiki. Manhajar Nusuk kuma ta sa mai wayar hannu yana iya shirya abubuwa da yawa na umrarsa da kansa. A ƙasarmu har yanzu ta hannun COHO da ajans ake tafiya hajji, kuma tsohon da bai iya karatun boko ba zai daɗe yana buƙatar mai riƙe masa hannu. Amma wanda aikinsa cika takarda ne kawai, ya kamata ya san iska ta juya.

An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa jikka 42 daga farkon 2024, wannan ci gaba ne. Ɗan kamasho da jagoran alhazai kuwa suna nan yadda korona ta same su, babu sunansu a ko'ina. Abin da ke hannun iyali da masu sana'ar ba shi da yawa, amma ba a rasa ba. Ma'aikacin dindindin yana da haƙƙin ya nemi takardar ɗaukar aiki da lambarsa ta CNSS, ya kuma je da kansa ya duba ko ana zuba abin da ake yanka, domin ko babu kuɗin rashin aiki, takardar ce kaɗai shaidar da za a nema ranar da aka ce za a tallafa. Ƙungiyoyin masu ajans suna iya rubuta masu aikin lokaci-lokaci, kowa da sunansa da lambar wayarsa, su kuma cire wani abu kaɗan daga ribar kowace kujera su ajiye. Dala ɗari biyu a kan kujera 15,891 ta kusa sefa miliyon 16 a shekara guda. Kuɗin maniyyata kuma a ware musu asusu dabam wanda ba a biyan haya da shi. Kwamitin zakka na masallaci, shi ma, yana iya tambayar liman a asirce su wa ke cikin unguwa da aikinsu ya tsaya, a kai musu da dare.

Yanzu benci ya sake cika a ofisoshin ajans, mai shayi ya dawo bakin ƙofa, tela yana ɗinki. Amma wanda ya san wuraren nan kafin 2020, in ya leƙa zai ga sababbin fuskoki a bayan tebur. Wasu allunan an sauke su, an buɗe shagon sayar da waya a wurin. Tsofaffin ma'aikatan da suka san kowane lungu tsakanin Misfala da Harami, suka san yadda ake nemo tsohuwar da ta ɓace a Mina, da yawansu suna kasuwa ko gona, kuma da aka kira su ba su dawo ba.